Motar da Aka Cinye a Ƙarƙashin Tamfol

Bango ɗaya ne ya raba shagona da na Mai Walda. Ni ɗinkin kujerun mota nake yi, shi kuma ƙarfe yake haɗawa, kuma shekara goma sha tara muka yi a haka. In ya kunna injinsa sai fitilata ta hau rawa, in na fesa gam sai ya leƙo yana tari yana cewa ni zan kashe shi kafin lokacinsa. Duk layin babu mai kiransa da sunan yanka. Ko matarsa in ta bugo wayata tana nemansa, cewa take, "Don Allah Mai Walda yana kusa?"

Shi ne babba a gidansu. Yana ɗan shekara goma sha shida mahaifinsu ya rasu, ya ajiye makaranta ya shiga koyon walda, ya raini ƙannensa huɗu da guminsa. Uku mata ne, duk sun yi aure. Na ƙarshen namiji ne, Auta. Shi ya kai Auta koyon kanikanci, shi ya saya masa akwatin sufanu na farko, da ya tashi buɗe garejin kansa kuma shi ya ƙera masa ƙofa da rufi, bai karɓi ko na ruwan sha ba. In ana hira aka ambaci Auta sai ka ga fuskarsa ta sake. "Yana da hannu," in ji shi, "gaggawa ce kawai ta yi masa yawa."

Mai Walda ba ya shan taba, ba ya yawo, tufafinsa ma ba su dame shi ba. Abu ɗaya ne rauninsa: wata jar mota mai ƙofa biyu, irin ta tsere. A wurin masu kayan hatsari ya tsince ta, gabanta a murƙushe kamar gwangwanin da aka taka. Ranar da aka jawo ta layinmu dariya muka yi masa. Wani ya ce ai kaji ma sai sun yi shawara kafin su kwana a ciki. 

Shekara goma sha ɗaya yana gina ta, kaɗan-kaɗan. Ya sa mata turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji iska don ya ƙara ƙarfi, wadda ya jira wata bakwai kafin ta iso. Ya sa mata shokazoba masu launin rawaya da ake ɗagawa a sauke da hannu, da manyan birki, da giya shida. Salansa kuwa, wato bututun fitar hayaƙi, bai saya ba. Da ƙarfen da ba ya tsatsa ya ƙera ta da kansa, daga bakin inji har wutsiya, ɗinkin waldar a jere kamar ɓawon kifi. A bayan wata gaɓa, inda ido ba ya kaiwa, ya ɗiga ɗigo uku, alamar da yake sa wa duk aikin da ya yarda da shi. Kujerun ni na ɗinka, baƙar fata da jan zare, layi biyu, kuma sau uku yana sa ni warwarewa.

Ranar Lahadi akwai tsohon filin jirgi a bayan gari inda masu irin waɗannan motoci suke haɗuwa. Shi gudun bai dame shi sosai ba. Abin da yake so shi ne ya ɗaga bonet, mutane su kewaye, a tambaye shi, ya yi bayani yana nunawa da ɗan yatsa mai tabon wuta. In ya ce maka abu na asali ne, to na asali ne. In na kwaikwayo ne zai faɗa maka ko da kai ka saya kana taƙama da shi. Wasu suna jin haushin haka, amma kowa wurinsa yake zuwa kafin ya sayi kaya.

Wata Talata yana walda a kan ƙarfen tankin ruwa, hawa uku, ƙafarsa ta zame. Baya ya taɓu, ƙafar hagu ta karye wuri biyu. Wata bakwai ya yi a kwance, sannan fiye da shekara yana koyon tafiya kamar yaro. Tun makon farko Auta ya zo ya ɗauki motar.

"Yaya, ka bar ta a wurina," in ji shi. "Zan lulluɓe ta da tamfol, duk mako in tayar da ita don kada inji ya kwana."

Kuma duk mako yana zuwa dubiya da ledar lemo, ya zauna a bakin gado, ya ce, "Na tayar da ita jiya. Bugu ɗaya ta ɗauka." Mai Walda ya lumshe ido ya yi murmushi. Na ji wannan maganar da kunnena ba sau ɗaya ba.

A cikin waɗannan watanni ne tauraron Auta ya fara haske. Wani ɗan kwangila ya kawo masa farar mota, irin ta Mai Walda sak, ya ce a mayar masa da ita abin kallo. Kafin wata shida farar motar ta zama babu mai shan gabanta a filin. Aka daina cewa Auta, aka koma Injiniya. Masu manyan motoci suka fara layi a ƙofar garejinsa.

Ni ba na yawan zuwa filin, amma wata Lahadi na je. Na leƙa ta tagar farar motar sai na ga kujerun da na ɗinka. Mai ɗinki ba ya kasa gane ɗinkinsa. Baƙar fata, jan zare, layi biyu, har da wurin da allurata ta karye a gefen kujerar direba. Na ja Auta gefe.

"Waɗannan kujerun fa?"

Bai ko ƙifta ido ba. "Aro ne. Yaya ya sani."

Na dubi mutanen da ke tsaye a wurin, waɗanda duk sun sha kewaye jar motar a baya, na ga kowa ya kau da kai, wani na duba waya, wani na gyara hula. A nan na gane ba ni kaɗai na gani ba. Na koma gida na ce wa kaina mutumin da ke kwance ba a ƙara masa ciwo, in ya warke 'yan'uwa ne, za su daidaita. Bayan kwana biyu na je gaishe shi, muka yi hirar ruwan sama da tsadar waya, na taso ban ce uffan ba.

Da ya fara takawa da sanda ya koma wurin likita. Aka gaya masa ƙafar hagun za ta ɗauke shi, amma ba za ta sake taka kuloci ba.  Bayan kwana uku ya sa aka kawo shi shago, ya zauna a kan doguwar kujera, ya kira ni.

"Maƙwabci, zan sayar da kayan motar nan."

"Ka sayar da ita gaba ɗaya mana, ka huta."

"Matata ma haka ta ce. Wanda zai saye ta ɗungurungum mai son a gan shi ne, wata uku ya nannaɗe ta a jikin bishiya. Amma wanda zai zo neman turbo kaɗai, ko birki kaɗai, ya san abin da yake nema. Gara kowane yanki ya je hannun wanda zai ji daɗinsa."

Ya gaya wa Auta. Auta ya ce to, amma aiki ya yi yawa wannan makon. Mako na gaba ya ce an tare motar da wasu motoci. Na uku ya ce, "Yaya, kai da ba ka iya sunkuyawa, me za ka zo yi? Bari in kwance maka komai, in wanke, in kawo har shago." Haka aka yi. Kwali tara aka sauke a ɗakin ajiyarsa, kowanne a naɗe da leda, an liƙe da salatif, an rubuta sunan abin da ke ciki. Kujeru babu. Auta ya ce ɓeraye sun yi musu illa, ya jefar. Ina tsaye aka faɗi haka, na sunkuyar da kai ina wasa da almakashi.

Mai Walda bai buɗe ko ɗaya ba. Ba ya iya ɗaga nauyi, sannan wa zai binciki ƙaninsa? Tsofaffin hotunan da ke wayarsa ya sa a dandalin masu motoci na intanet, ya rubuta bayanin kowane yanki dalla-dalla: shekarar da ya saya, nisan da ya yi tafiya da shi, har ɗan ƙarcen da ke jikin birkin dama. A ƙarshe ya rubuta, "Duk na asali ne. Wanda ya san ni ya sani."

Na farkon da ya zo malamin wata makarantar koyon sana'a ne, mutum mai tabarau da sanyin murya, ya tuƙo awa huɗu don turbo. Da hantsi ya iso, layin cike da mutane. Aka fito da kwalin aka ɗora a kan teburin ƙarfe. Malamin ya yanke salatif, ya warware leda, ya ɗaga abin ya juya shi. Ya sa yatsa ya girgiza farfelar ciki, sai ta yi ƙwas-ƙwas. Ya kankare ɗan allon lambar da farce, allon ya ɓalle, ashe da gam aka manna shi.

Ya cire tabarau ya dubi Mai Walda. "Baba, da furfurarka? Awa huɗu na yi a hanya saboda an ce mini maganarka ba ta tashi."

"Me ka gani?"

"Wannan ko a motar haya ba zan sa ba."

Mai Walda ya miƙa hannu aka ba shi. Bai ma duba ba, nauyin kawai ya ji a tafinsa.  Ya ce da ni, "Maƙwabci, fito mini da sauran."

Ɗaya bayan ɗaya na buɗe. Shokazoba na gama-gari ne aka fesa wa fenti rawaya, fentin ma ya zubo a kan roba. Birkin ƙanana ne aka shafa wa ja. Sannan na zaro salansa. Baƙin ƙarfe ne na kasuwa aka goge shi ya yi ƙyalli, waldar jikinsa kamar kashin kaza. Ya daɗe yana kallonta. Sata daban, amma a ce wannan aikin hannunsa ne, wannan ya fi yi masa ciwo.

Malamin ya ga fuskarsa ya gane ba wasa ake yi da shi ba. Muryarsa ta sauka. "Baba, ka yafe mini kalmar da na faɗa." Sannan ya zaro waya. "Salansar da ke hotonka, na rantse na gan ta. Akwai wata farar mota da ake yawo da bidiyonta, an ɗaga ta ana nuna ƙasanta. Ga shi."

Mai Walda ya kalla sau ɗaya ya mayar masa da wayar. "Kai ka yi haƙuri," in ji shi. "Ba ni na naɗe kwalin ba, amma bakina ne ya kira ka."

Ni na kai shi garejin Auta a motata, da rana tsaka.  Muka tarar da farar motar a ɗage a kan ƙarfe ana canza mata mai. Auta ya taho da fara'a yana goge hannu, ya ga fuskar yayansa, fara'ar ta tsaya rabi. Mai Walda ya wuce shi, ya dogara sandarsa ya shiga ƙarƙashin motar, ya ɗaga hannu ya bi jikin salansa da yatsa har bayan gaɓar nan. Ya taɓa ɗigo ukun, ya sauke hannu.

"Ina motata?"

"Yaya, bari mu shiga ofis."

"Ina motata?"

Tana can bayan gareji kusa da tulin tsofaffin tayoyi. Ni na yaye tamfol. Ƙwarya ce kawai a kan bulo huɗu. Babu inji, babu giya, babu taya. Ciyawa ta fito ta inda ƙafar direba take zama, alamar ta fi shekara ba a motsa ta ba.

"Wannan ce kake tayarwa duk mako?"

Auta ya dubi ƙasa, sannan ya ɗago, kuma abin mamaki da fushi ya ɗago. "Tun wata na uku likita ya gaya mana ba za ka sake tuƙa ta ba. Ni da Inna da matarka duk mun sani, aka ce kada a faɗa maka. Kaya suna zaune za su ruɓe a banza. Ga mutum ya zo da aiki, ni ba ni da abin da zan nuna. Me kake so in yi?"

"Ka tambaye ni."

"Da ka ba ni?"

"Me ka taɓa tambaya na hana ka?"

"Da ka ba ni, da duk garin nan an ce aikin Mai Walda ne! Shekara nawa ina gyara mota, in ta yi kyau a ce ai ƙanin wane ne, in ta lalace a ce bai gado hannun yayansa ba. Sau ɗaya na so a ce ni ne."

Mai Walda ya gyara tsayuwa a kan sanda. Muryarsa ba ta tashi ba. "Kayan ƙarfe ne, Auta. Da ka zo ka ce ka ci, da na yi fushin mako ɗaya. Amma ka zauna ka sayi fenti. Ka manna lamba da gam. Ka liƙe kwali ka kawo mini har shago, ka bar ni na tara mutane na rantse wa baƙo a kan ƙarya. Lemon da kake kawo mini ma da na sani da ban sha ba."

Ya juya. Auta ya ce "Yaya" sau biyu, bai waiwaya ba.

Washegari mahaifiyarsu ta aika a kira shi. Tsohuwa ce, ido ya yi rauni. Ta kama hannunsa tana kuka, ta ce kada ya kai ƙara, kada ya tona asirin gida, ɗan'uwa rabin jiki ne. Ya ce, "Inna, na ji. Ba zan kai shi ko'ina ba." Ta ce to ya yafe. Ya ce, "Wannan ki ba ni lokaci." A gida kuma ya tambayi matarsa dalilin ɓoye masa maganar likita. Ta ce tsoro ta ji kada ya karaya ya ƙi tashi daga gadon, amma batun kaya wallahi ba ta sani ba. Ya yarda da ita. Duk da haka ta gaya mini ya yi makonni in ta yi magana sai ya ɗan dube ta kafin ya amsa, kamar mai auna ƙarfe.

Ɗan kwangilar da labari ya kai masa ya zo da kansa, ransa a ɓace, domin shi an ce masa daga waje aka yo odar kayan. Ya ce a kwance komai a mayar. Mai Walda ya ce a'a, an yi shekara ana gudu da su, bai san me suka sha ba, ba zai iya tsaya musu a gaban mai saye ba. Salansa kawai ya nema. Aka kwance aka kawo. Ya goge ta da kansa, ya duba kowace gaɓa, ya kira malamin nan ya gaya masa akwai ɗan lotsawa a ƙasa inda ta bugi kan titi. Malamin ya sake yin tafiyar awa huɗu ya saya. Ita ce kaɗai abin da ya sayar daga aikin shekara goma sha ɗaya.

Kayan kwalin kuwa bai zubar ba. Ya ɗauki sababbin hotuna ya sa a dandalin, ya rubuta: "Abin da na faɗa a baya ba daidai ba ne, ban duba ba kafin in yi magana. Waɗannan na kwaikwayo ne, an yi musu fenti. Turbo ya mutu. Birkin zai yi wa ƙaramar mota. Mai so ya zo." Bai ambaci Auta ba. A cikin mutanen filin, waɗanda suka yi shekaru suna cin moriyar shawararsa, babu wanda ya rubuta ko kalma ɗaya a ƙasa. Ƙwaryar motar masu gwangwan suka zo suka ɗauka, bai fito ya kalla ba.

Ni abin ya ci gaba da cina. Wata rana da la'asar, layin ya yi sauƙi, na shiga shagonsa. Yana zaune yana haɗa ƙarfen taga, don yanzu ƙofofi da tagogi kawai yake yi, aikin da ake yi a zaune. Na jira ya ɗaga gilashin fuska.

"Akwai maganar da nake so in faɗa maka. Kujerun nan, na gan su a farar motar tun kana kwance."

"Na sani."

"Wa ya gaya maka?"

"Ba kowa. Ranar da Auta ya ce ɓera ya ci, kai da ka warware su sau uku ba ka ce ko 'kash' ba. A lokacin ban gane ba. Daga baya na tuna."

Na ce na ji tsoron ƙara masa ciwo ne. Ya gyaɗa kai.

"Kowa haka ya ce. Inna ta ji tsoro, matata ta ji tsoro, kai ka ji tsoro. Ƙafata ce ta karye, maƙwabci, ba kunnena ba."

Na ce ya yafe mini. Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya sauke gilashin ya ci gaba da aikinsa.

Shekara biyu ke nan. Auta har yanzu Injiniya ake kiransa, kodayake layin ƙofarsa ya ragu, don magana ba ta ɓuya. In sun haɗu a wurin tsohuwa suna gaisawa, a tambayi iyali, shi ke nan. Ni ma muna gaisawa kullum da safe, in na nemi aron guduma zai ba ni. Makon jiya wani ya tsaya da mota mai ƙara a ƙofar shagonsa, ya fito da wani abu a leda yana so a duba masa ko na asali ne. Mai Walda ya ce shi ƙofa da taga yake yi, ya nuna masa shagon kayan gyara na ƙarshen layi.